Nauyin Tawul

Tun ranar da aka fito da 'yata daga kwalba likita ta yanke mana magana: duk ranar da ta cika kilo biyu, ranar za a sallame mu. Bakwaini na haifa, 'yar mitsitsiya, kilo ɗaya da rabi. Ni kuwa asibiti ya ishe ni. Kwana goma sha tara ina kan gado mai ƙara, ina tatsar nono a kofi ina ba ta da ɗan cokali, sauran lokacin tana manne a ƙirjina cikin riga don ta samu ɗumi. Gida nake so, gadona, ƙofar da zan rufe ba mai turowa.

Mijina ƙusa yake sayarwa a kasuwa, da awo. Shekara goma sha biyu yana zaune gaban sikeli, saboda haka awon jarirai na safe ya zame masa kamar kallon ƙwallo. Ƙarfe bakwai yana ƙofar ɗakin, ya wanke hannu har gwiwa, ya karɓe ta a tafukansa, ya lumshe ido.

"Ɗaya da ɗari takwas da arba'in," zai ce.

Sai Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta ɗora ta a sikeli. Wallahi bai taɓa kuskure da ya wuce giram goma ba. Nan da nan sauran matan ɗakin suka fara miƙa masa nasu jariran ya yi musu kintace, yana ta fasa kai. Sista ta laƙaba masa Baban Sikeli.

Ranar kwana na ashirin cunkoso ya tsare shi a hanya. Sista tana sauri, farantin sikelin kuma da sanyi, sai ta shimfiɗa tawul ta ɗora yarinyar. Yana shigowa lambar na fitowa: biyu da giram talatin.

Na saki ihu har jaririn gadon kusa ya farka. Matan ɗaki suka hau tafi. Na rungume Sista, na rungume mai shara, na ɗauki filas ina rawa da shi. Jakata dama kwana huɗu kenan tana ɗaure a ƙarƙashin gado, na jawo ta. Sai na lura mutumin nawa ko murmushi bai yi ba, ya ƙura wa sikelin ido.

"Sista," ya ce a hankali, "ba ki cire nauyin tawul ba."

Na mintsine shi a cinya da duk ƙarfina. "Malam, wa ya tambaye ka?"

"Mu a shago sai mun auna gwangwanin shi kaɗai, mu mayar da sikeli sifili, sannan mu zuba ƙusa."

Sista ta dafe kai tana dariya. Ta cire tawul ta sake awo. Ɗaya da ɗari tara da saba'in.

"Giram talatin!" na ce, ina kuka ina dariya, ban ma san wanne na fi yi ba. "Giram talatin ƙusa nawa ne, don Allah?"

"Inci uku, kamar guda biyar," ya amsa, shi a dole tambayar gaske na yi.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni kam da filas ɗin nan na so in kwaɗa masa. Ya tsuguna gabana ya rage murya.

"Maman Bebi, ban taɓa sayar wa kowa nauyin gwangwani ba. A kan 'yata zan fara? In muka kai ta gida ba ta yi ƙwari ba, tsoro nake ji."

Na tausaya masa, amma duk da haka yini guda ban yi masa magana ba, ya san dai ya yi laifi. Na mayar da jaka ƙarƙashin gado na koma kan kofi da cokali. "Sha, 'yar nan," nake ce mata, "saura ƙusa biyar, ubanki ya ƙirga."

Bayan kwana biyu, tun kafin bakwai ya iso. Ya wanke hannu, ya karɓe ta tsirara, ba tawul ba hula. Ya lumshe ido. Muna jiran lamba, shi kuwa sai hawaye ke bin gemunsa.

"Baban Sikeli, nawa?" in ji Sista.

Ya juyo ya dube ni. "Ɗauko jakarki."

Sista ta karɓe ta za ta ɗora a faranti. Matan ɗaki duk suka taso suka kewaye sikelin suna leƙe. Ni ban leƙa ba, ina can durƙushe ina jawo jaka.