Bangon Aldonza

"Mencía, 'yar'uwa, bulo ɗaya kawai za ki cire mini," in ji muryar daga cikin taga. "Ƙirjina ya cika da ruwa. In ga rana sau ɗaya, sai in tafi."

Mencía ta ajiye kwanon romo. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka gine Aldonza a wani ɗan ɗaki jikin cocin unguwa, da yardarta, har jama'a suka ɗauke ta waliyya. Babu ƙofa, sai wata 'yar taga ta arewa da rana ba ta leƙawa. Mencía, maƙwabciyarta tun suna amare, ita ke kai mata gurasa, ita ke kwashe mata tukunyar bayan gida.

Ta ruga wajen Fada Lope, limamin cocin, ta zube a gabansa.

"Waliyya ba ta waiwayen duniya," in ji shi, yana shafa littafin gabansa. "Na riga na rubuta a tarihinta cewa ba ta taɓa neman fita ba."

"Wane tarihi, Fada? Dukan mijinta ta guje wa ta shige bangon nan! Ni na ɗaure mata haƙarƙari."

"Tashi, tsohuwa, kafin bakinki ya ja miki."

Ta je wajen Ferrán magini. Ya ƙi ko kallonta. "Haba Inna, so kike a hana ni kabari a harabar coci?"

Kai, mutane! Masu ziyara cike da wurin, kowa na son albarkar mai mutuwa, babu mai jin abin da take roƙo. Mencía ta koma ta kama ƙwaƙular bango da cokalin ƙarfe. Cokali ya lanƙwashe, ta sa farce. Ƙasar da ke zubowa kuwa, mata suka riƙa wawarta suna ƙullewa a gefen mayafi, wai magani.

"Ya motsa?" in ji Aldonza, da ƙyar.

"Saura kaɗan. Ki jira ni, don Allah ki jira ni."

Bulon bai motsa ba. Kafin ƙararrawar tsakar rana, Mencía ta kira ta sau uku, shiru.

Washegari Fada ya ce a fito da gawar waliyya a binne ta ƙarƙashin bagade. Dukan guduma tara Ferrán ya yi, bangon ya zube. Aka ɗauke ta, jama'a suka bi suna waƙa.

Mencía kaɗai ta rage, zaune kan ɓaraguzai, yatsunta naɗe da tsumma. Rana ta shiga ɗakin a hankali, ta kwanta a kan ciyawar shimfiɗa, daidai inda kwanciya ta lotsa.