Tef ɗin Awo

Shekara ashirin da shida Tela tana shan taba, kuma ba a gaban mutane ba. Wurinta ɗaya ne, matakala ta uku a bayan shagon ɗinkinta, kusa da famfo, inda ba mai wucewa sai kyanwar maƙwabta. Duk rigar da ta gama, ta datse zaren ƙarshe, ta goge ta rataye, sai ta fita ta zauna ta kunna kara ɗaya. Minti biyar ɗin nan ne kaɗai a yini da ba mai ƙwala mata kira. Mijinta Direba, mai jan bas ɗin ma'aikata, shi a sarari yake busa tasa, kwali guda a rana, ko a jikinsa.

Sai 'yarsu, wadda suke kira Tilo don ita kaɗai suka haifa, ta haihu a wata bakwai. Jaririn ya zo da raunin ƙirji, ya yi makonni a kwalbar asibiti. Likita ya ce kada hayaƙi ya kusance shi, ko da warin da ke maƙale a tufafi ne. Tilo ba ta yi wa iyayenta kwana-kwana ba. Ta ce ba za ta kawo Bakwaini gidansu ba, ba kuma za su ɗauke shi ba, sai dukansu biyu sun daina.

Tare suka je asibiti, aka ba kowa filastar mannawa a dantse, wadda ke sakar wa jiki nikotin kaɗan-kaɗan. Abin haushi, Direba mai kwali guda ya yi masifar kwana goma, ya zagi mota, ya zagi titi, sai kawai abin ya sake shi. Daga nan kunnen kowa ya shiga uku. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya naɗe hannun riga ya nuna maka filasta.

Ita mai kara shida a rana, a kwana na tara ta faɗi. Wata mata ce ta dawo da riga tana zazzaga mata faɗa kan wuyan da ita da kanta ta zaɓa. Tela ta warware, ta gyara, ta datse zare, ba ta ankara ba sai ga ta a matakala ta uku, filasta a dantse, taba a yatsa. Ta sha tana kuka, ta kuma shanye ta tas.

Ranar komawa asibiti, nas ɗin ta zaunar da su ta yi musu bayani a natse. Ta ce bincike na nuna ƙwaƙwalwar maza da ta mata ba lallai su kama taba hanya ɗaya ba. Sau da yawa namiji nikotin ɗin kansa yake bi, shi ya sa filasta kan yi masa aiki. Mata da dama kuwa abin ya fi ɗaure da damuwa, da sabon da hannu ya yi, da lokacin da aka saba sha, don haka filasta kaɗai takan gaza, kuma ba ragwanci ba ne. Akwai wani maganin, akwai zaman tattaunawa. Ta kalli Tela ta tambaye ta yadda take ciki.

Kamar nas ɗin ta leƙa bayan shagon ne ta gani. Maganar ta zo wa Tela har baki. Amma ga Direba a gefe yana murmushi, sai ta ji ba za ta iya zama wadda ta kasa ba. Ta ce lafiya lau. Shi ma ya yi caraf ya ce ai sun daina, su biyun. Nas ta rubuta, aka buga wa Tilo waya, aka sa Asabar za ta kawo jaririn.

Ba a taɓa shirya ƙarya da tsabta irin wannan ba. Tela ta ɗinka wa jikanta riguna biyar, ta wanke sau biyu, ta ƙulle a leda. Tun daren Alhamis ba ta kunna ba. Ran Asabar ta yi wanka, ta wanke gashi, ta goge farce da burushi, ta tauna kanumfari, ta sa sabuwar riga. Tana fitowa daga ɗaki hannunta ya ɗauko tef ɗin awo daga ƙusa ya rataya mata a wuya, kamar kullum. Tsohon tef ne na yadi, lambobinsa sun koɗe, kuma duk zaman da ta taɓa yi a matakalar nan yana wuyanta.

Da hantsi suka iso. Tilo ta miƙa mata jaririn a falo, watansa huɗu, bai fi nauyin bandir ɗin yadi ba. Tela ta rungume shi, ta ji numfashinsa yana ɗan ƙara a kunnenta. Yaron ya laluba ya damƙi tef, ya nufi baki da shi. Uwarsa ta sunkuyo tana dariya ta zare, sai dariyar ta tsaya. Ta kai tef ɗin hanci.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ɗanta, ta goge masa hannu da tsumma mai lema, yatsa bayan yatsa.

"Mama, yaushe rabonki da ita?"

Tela ta so ta ce tsohon wari ne, kuma da an yarda. Ta kalli ɗan hannun da ake gogewa.

"Alhamis," ta ce.

Tilo ta juya wajen ubanta, ta tambaye shi ko ya sani. Direba, mai bakin nan, ya sunkuyar da kai. Ya ce tun da ya daina hancinsa ya buɗe, tun sati na biyu yake jin warin a wuyanta. Ya ga tana shan wuya ne, shi ya sa duk inda ya je yake cewa sun daina, don kada a tambaye ta ita kaɗai.

Wannan ya fi komai ƙona ta. Wata uku tana jin haushin cika bakinsa, ashe rabinsa mayafi ne yake lulluɓa mata. Kuma saboda ya rufa mata asiri ya bari aka kawo yaro mai irin wannan ƙirjin. Kunya ta rufe ta har ta ji kunnuwanta suna zafi.

Tilo ta goya ɗanta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta kalli ledar riguna a kan tebur, ba ta ɗauka ba.

"Ki ajiye su, Mama. Idan kin shirya da gaske ki kira ni. Ba na fushi."

Da ta yi fushin ma da ya fi sauƙi.

Ran Litinin Tela ba ta buɗe shago ba. Direba ya ce zai raka ta, ta ce ya tafi aikinsa. Ta zauna a layin asibiti har aka kira ta, ta gaya wa nas cewa wancan karon ƙarya ta yi, kara shida ne, wani lokacin takwas. Da ta koma gida ta kwance ledar ta shimfiɗa rigunan. Ta san girman jarirai, sana'arta ce. Kafin ta isa ta kira Tilo, yaron ya girma, babu wadda za ta shige shi. Ta ɗauko almakashi ta fara warware ta farko.