Yankan Riɗi a Shekarar Korona

Shekara goma sha tara Cindo yana dako a kasuwar hatsi ta Gadarif, daga lori zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa sito. Matarsa Hajjo kuma tana sayar da shayi a bakin ƙofar kasuwar. Da korona ta shigo aka sa dokar zaman gida, rana ɗaya abincin su biyun ya yanke.

Watan farko suka ci ɗan abin da suka ajiye. A na biyu Hajjo ta sayar da kujerunta, ta hana a taɓa butar shayin. Kisra, wainar dawar da suke ci, ta koma sau ɗaya a yini. Ko da aka sassauta dokar, sai ka ga 'yan dako goma sun yi wa mota guda caa.

Gab da kaka sai ga Kassim, wakilin wani mai babbar gona a wajen Hawata, yana bin unguwa gida-gida neman ma'aikata. An rufe iyaka, Habashawan da ke zuwa yankan riɗi ba su samu shigowa ba. Tarakta ta yi huɗa ta yi shuka, amma yanka sai da lauje, in an makara kuwa riɗin ya fashe a ƙasa.

Da ya iso gidansu, Cindo ya saurare shi ransa ba ya so. Ubansa a sunkuye ya tsufa cikin gonakin mutane, shi ya sa Cindo ya zaɓi dako tun yana saurayi.

Da Kassim ya fita Hajjo ta ce, "Baban Fatu, me ka yanke?"

"Na rantse ba zan koma lauje ba."

"Rantsuwa tana da kaffara. Ka yi azumi uku, ai dama azumin muke yi." Ta ƙara da cewa, "Ni ma zan bi ka. Masu yanka suna shan shayi."

Suka kai 'yarsu Fatu gidan gwaggonta, suka hau lori. Kwana ukun farko a gonar hannun Cindo ya yi bororo, a na huɗu ya tarar yana gaba da samari a layi, abin bai yi masa daɗi ba, bai kuma yi masa ciwo yadda ya zata ba. Duk da haka hannaye sun yi kaɗan, kusan rabin riɗin ya zube suna gani.

Suka zauna har girbin dawa. Da suka dawo gari Fatu ta rame, amma lafiyarta ƙalau. Kassim ya ce baɗi ma yana son su. Cindo ya ce Allah ya kai mu, zai yi shawara.