Taliya a Gaban Baba Hussain

Tun a cikin jirgin metro Abdulbasit yake gyara hula, har abokinsa Lawal ya gaji ya ce masa idan bai bar hular nan ta huta ba zai ƙwace ta. Suka sauka a unguwar Hadayek el-Maadi ta babban birnin Masar bayan la'asar, suka bi wani lungu har ƙofar ɗan gidan abincin da Tagwa, budurwar Abdulbasit, ta kwatanta musu.

Wurin na wani mutumin Indonesiya ne da ya zo karatu ya zarce da zama. Tebura kaɗan, fanka mai ƙara, abinci mai arha: taliya cikin romo da curin nama. Ɗalibai da 'yan aikatau ne masu zuwa. Tagwa ce mai karɓar baƙi, mahaifinta Baba Hussain kuma shi ke kan tukunya. A Omdurman yana da shagon yadi kafin yaƙi ya koro su. Hausarsa ta gado ce, ta sha Larabci.

Shi ya ce kafin kawun Abdulbasit ya bugo waya daga Gusau neman auren 'yarsa, sai ya ga yaron da idonsa. Tagwa ta gargaɗi Abdulbasit cewa babanta sau ɗaya yake yanke magana, ba ya sakewa.

Dattijon ya fito yana goge hannu, dogo, da furfura a gemu. Abdulbasit ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Baba Hussain ya koma ciki, ya dawo da kwanoni biyu suna tururi, ya ajiye da kansa, ya ja kujera ya zauna daf da su.

"Bismillah. Tun hantsi ƙashin nan yake kan wuta."

Lawal bai jira ba. Ya zuba yaji, ya hau zuƙar taliya yana santi, yana cewa rabonsa da romo irin wannan tun na gida. Abdulbasit ya sunkuyar da kai, hannuwansa a cinya. Ƙamshin tafarnuwa da citta yana shigar masa hanci, cikinsa yana kuka, don ko karin kumallo bai yi ba.

Baba Hussain ya tambaye shi karatu, ya amsa. Ya tambaye shi me zai yi bayan ya gama Azhar, ya ce makarantar kawunsa tana jiransa, kuma Tagwa za ta ci gaba da karatun jinya da yaƙi ya katse mata. Dattijon yana gyaɗa kai, amma idonsa yana kan kwanon da ba a taɓa ba. Ya tambaya ko azumi yake. Abdulbasit ya ce a'a. Ko ba shi da lafiya? Lafiyarsa lau.

Tagwa ta zo wucewa da tire, ta ajiye ruwa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka ci mana." Ya ƙara sunkuyar da kai.

Lawal, da yake zaton kowa ya san dalili, ya yi dariya da taliya a baki.

"Ai Baba ko kwana za a yi a nan, wannan ba zai ci ba. Ka san 'yan gidan manya."

Fuskar dattijon ta sauya. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki kwanon. Ya ce a inda ya tashi, wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Ya san wurin ƙarami ne, ya san girkin talakawa ne, amma da shi yake ciyar da 'yarsa tun da suka iso Masar.

"Khalas, shi ke nan. Allah ya ba ka wadda ta dace da gidanku."

Tagwa ta tsaya cak a bakin labule. Abdulbasit ya ga dattijon ya juya baya, ya san idan ya shige labulen nan magana ta ƙare. Bai san lokacin da ya miƙe ya riƙe gefen kwanon ba, romo ya zubo masa a yatsu.

"Baba, ka yi haƙuri. A wurinmu ba a cin abinci a gaban suruki. Kunya ce. Wallahi yunwa nake ji tun safe."

Baba Hussain ya ce ya tuna, kakansa yana faɗin haka, har yakan ce mahaifinsa ya taɓa ɓuya a bayan rumbu da ƙwaryar fura don kada surukinsa ya gan shi yana sha. Shi ya ɗauka labari ne kawai irin na tsofaffi. Ya mayar da kwanon kan tebur.

"To wa ya gaya maka ni surukinka ne? Na ba ka ne?"

"A'a, Baba."

"Ashe ba ka da hujja. Yalla, zauna ka ci."

Abdulbasit ya zauna. Cokalin farko ya sha da ƙyar, taliyar ta sulluɓe ta faɗa romo ta fantsama masa a farar riga. Lawal ya ce da siraran sandunan can biyu na kan tebur ake cin taliya, Abdulbasit ya ce masa ya rufa masa asiri. Daga nan kunya ta gudu. Yana ci, gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hula, dattijon yana ƙara masa yaji yana tambayarsa ko a Gusau ana samun likitar mata, ko za a bar Tagwa ta riƙa zuwa ganinsa. Yana amsawa da baki cike.

Ya kai rabin kwano sai Baba Hussain ya ce kawun nan nasa ya kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya miƙe, ya tura kujerarsa ƙarƙashin tebur.

"Bari in shiga ciki ka ƙarasa," in ji shi. "Yanzu kam bai kamata in zauna ba."

Abdulbasit ya riƙe cokali a sama. Lawal ne ya fara ganewa, ya dafa kafaɗarsa, sannan ya ɗaga hannu ya ce wa Tagwa a ƙaro musu kwano ɗaya, na ango.