Layin da Ya Yi Wutsiya

Tun da aka rage ma'aikata, Anti Ɗigo ce kaɗai a ɗakin sanyi na benen kamfanin. Aikinta duba ƙananan gilasai ne masu tsawon yatsa, waɗanda na'ura ke ɗiga wa ƙwayoyin DNA layi-layi. Da su asibitoci ke gwada jinin marasa lafiya. Idan ɗigo ya lalace, sakamako zai yi ƙarya, shi ya sa gilashi ba ya fita sai ta ce ya yi.

A da tare suke dubawa da Baba Tabarau, kafin yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye aiki. Yanzu kwalayen safar hannu ne a kujerarsa.

Wata safiya ta haska sababbin gilasai a kwamfuta. Ɗigogi kore shar, a zagaye, sai layin gefe da ɗigoginsa suka ɗan jirkita. Manaja ya leƙo ya ce motar ɗaukar gilasan na jira, ya wuce. Ta juya za ta ce, "Baba, zo ka gani," ta tuna ba ya nan. Sai ta ɗauki waya ta kira shi.

"'Yar nan, ashe kina raye?" in ji shi.

"Ina nan, Baba. Wani layi ne ya hana ni sakat."

"Ni da ko fuskar jikana ba na gani? To, ba ni labarin ɗigogin. Rami gare su a tsakiya?"

"A'a, wutsiya suka yi, duk ta gefe ɗaya."

"Kin fi ni sanin bakin allurar na'ura ne ya lanƙwashe."

Ta sani kam. So take ta ji wani ya faɗa.

Ta yi masa godiya za ta kashe, ya ce, "Dakata mana. Injin sanyin nan yana tarinsa?"

Ta kara masa wayar a jikin injin. Ya daɗe yana saurare. Ya ce yaran duk sun tafi aiki, daga shi sai rediyo, shi ma batirinsa ya mutu.

Bayan sun yi sallama ta sauka ta gaya wa manaja gilasan ba za su fita ba. Ya ɓata rai, ya sallami direba. Ta hau sama, ta kwance allurar, ta sa sabuwa, ta tayar da na'ura daga farko. Da rana ta sha shayinta a tsaye bakin taga, tana kallon masu jiran bas.