Matakalar Balbela

Da allin ɗinkin da nake kawowa daga shago Balbela ta zana matakalarta a jikin bango, kusa da firij. Balbela 'yata ce, shekararta bakwai. Kawunta ne ya sa mata sunan saboda sirantar ƙafafunta.

Wata huɗu ke nan da aka ce tana da ciwon suga, irin na yara, wanda sai da allurar insulin kullum. Ran da aka kwantar da ita likita ta yi mini bayani mai tsawo. Ni da aji huɗu na tsaya a makaranta, kaina kawai nake gyaɗawa. Da ta ce ko ina da tambaya, na ce babu, alhali tambayoyin sun cika mini ciki. Haka nake, ko a wurin ɗinki mai shagon ya ba ni aikin da ban gane ba, gara in ɓata in farke da in sake tambaya.

Da farko lamba takwas muke murɗawa a jikin allurar safe, irin mai kama da biro, wato yawan maganin. Bayan 'yan makonni sugan ya riƙa sauka, nas ta ce mu koma shida. Daga baya huɗu. Ranar ce Balbela ta ɗaga rigarta ina soka mata a ciki, ta ce, "Umma, in ta kai sifiri fa?"

Na ce, "Sai mu zubar da akwatin allurar nan a shara."

"Kin rantse?"

"Na rantse."

Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na ga lamba tana sauka, na ƙarasa lissafin da kaina. Tun daga nan duk sanda aka rage sai ta zana taki ɗaya ƙasa, ta rubuta lambar a kai. A can gindi ta zana sifiri babba, ta yi masa ido da baki yana dariya.

Da muka kai biyu gidan ya canza. Babanta ya fara waƙa a banɗaki. Kawu ya zo ya tsaya gaban bango ya riƙe ƙugu.

"Ke Balbela, wannan matakalar taki ai ko akuya ba ta hawa. Wane magini ya yi miki?"

"Ba ta hawa ba ce, Kawu, ta sauka ce."

"To in kin sauka ki bar mini allurar in huda kunnen Innarki."

"Ai kai za a fara yi wa, mai tsoron allura! Na ga ranar da ka gudu waje."

Ran zuwa asibiti na sa mata shuɗiyar rigar da na ɗinka daga ragowar yadi. Na riƙe littafin da nake rubuta awon sugan a ciki. A kan benci na yi ta maimaita tambayata a zuci don kada ta gudu.

Likita ta buɗa littafin, ta yaba da rubutuna. Ta aika Balbela wajen nas a gwada tsayinta. Na dubi takalmina na ce, "Likita, yaushe za mu daina?"

"Daina me?"

"Allurar. Tunda ta kusa warkewa."

Ta ajiye biro. Ta jawo kujerarta kusa da ni, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ta ce a cikin jinin kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta, sojojin jiki, masu kashe cuta in ta shigo. A bayan tumbi kuma akwai wani ɗan sashe mai ƙananan ƙwayoyi da ke yin insulin. Sojojin Balbela sun yi kuskure, sun ɗauki waɗannan ƙwayoyin a matsayin baƙi, suna kashe su ɗaya bayan ɗaya. Sun daɗe da farawa, tun kafin ta fara yawan shan ruwa da fitsari.

"To ai lambar sauka take yi," na ce.

"Akwai 'yan kaɗan da suka rage. Da muka fara allura sun samu hutu, sun farfaɗo suna taimakawa. Amma sojojin ba su tsaya ba. Wata uku, wata shida, wani ya kai shekara. Daga nan lambar za ta koma hawa."

Na tuna yadda nake farke ɗinki da reza, zare bayan zare, riga tana nan kamar lafiya sai an ɗaga ta rabu biyu.

"Alawar da nake saya mata ce?"

"A'a. Ba abin da kika yi, ba abin da kika bari."

Ta faɗa ne don in ji sanyi. Ni kuwa na so a ce alawar ce, da na san abin da zan hana.

"Ba za a iya gaya wa sojojin cewa ƙwayoyin nan nasu ne ba? Jikinsu ne fa."

"Masu bincike suna ta nema. Ni dai a hannuna babu. Amma da allurar za ta girma, ta yi karatu, ta yi komai."

Balbela ta shigo da gudu tana cewa ta ƙara tsawo. A mota ta tambaye ni me likita ta ce. Na ce ta ce rigarki ta yi kyau. Babanta ma ban gaya masa ba sai bayan kwana biyu, yana ɗaure takalmi zai fita aiki. Daga ranar waƙar banɗaki ta tsaya.

Kullum in na zauna ina ɗinka maɓalli a shago sai in ce yau zan gaya mata. In dawo in same ta ta ƙara wa sifirin nan kunne ko hula, in fasa. Wani lokaci ina yi mata wanka in ɗora tafina a cikinta, in ji ɗumi kawai. Ba abin da ake ji.

Mako bakwai muka yi a kan biyu. Sai awon safe ya fara tashi, kwana biyar a jere. Na kira nas, ta ce mu koma uku.

Na murɗa allurar. Balbela tana ƙirga ƙarar da take yi, kamar kullum. Ɗaya, biyu. Da ta ji na uku ta ɗago ta dube ni.

"Kin yi kuskure, Umma."

"Ban yi ba."

Ta bari na soka mata, ba ta yi kuka ba. Ta sauke rigarta, ta ɗauki allin a kan firij, ta je ta tsaya gaban bango ta daɗe. Tsakanin biyu da sifiri saura wurin taki ɗaya tak da ta bari.

Ba ta juyo ba ta ce, "Umma, to ina zan zana wannan?"

Allurar tana hannuna, ban ko rufe ta ba.