Turbo a Motar Amarya

Jar motar Baba Istifanus ƙofa biyu gare ta, kujera biyu. Wajen wani Bature ya saye ta, zamanin da masaƙun Kakuri ke da rai, shi kuma yana direban manaja. Duk Unguwar Television an san aikinta. Ran da 'yar gidan za ta yi aure, Baba ke kama sitiyari, amarya a gefensa, matan zumuntar coci a gaba da tulunan kiɗa suna waƙa, mota na bin sawunsu a hankali har ƙofar coci. Haka ya kai Eunice. Haka ya kai Irene. Saura auta, Lydia, ran Asabar.

Kuskurensa ɗaya, ya ba Tony makulli. Tony shi ne namiji tilo a gidan, mai shagon wayoyi a Barnawa, wanda duk abin da ya gani a waya sai ya gwada. Baba cewa ya yi a juye mai, a duba birki. Mota ta tafi, aka yi makonni ba labari.

Ran Alhamis da hantsi Baba na zaune ƙarƙashin mangwaro ya ji wata kuwwa daga bakin layi, kamar an taka wutsiyar kare. Ya miƙe. Motarsa ce, amma ba muryarta ba. Ta zo daf da gida ta tsaya cak.

A ƙofar gidan akwai tudun siminti da ya ratsa hanya. Baba ne ya zuba shi da hannunsa, shekarar da ɗan acaba ya karya wa jikar maƙwabcinsa ƙafa. Jar motar ta saba hawa shi ba gardama. Yau sai ga Tony ya fito da wani ƙato mai shuɗiyar rigar aiki, sun ciro katako biyu daga but, sun jingina wa tudun, sannan aka lallaɓo da mota kamar mai ciwon baya.

"Baba, ga Callistus, shi ya yi aikin," in ji Tony, baki har kunne. "Duk Kakuri ba kamarsa."

"Wane aiki?"

Callistus ya rusuna, ya ɗaga bonet. "Baba na, turbo ne. Tokumbo, kwancen Turai, daga Legas na ɗauko da kaina. Ka ga wannan mai kama da dodon koɗi? Hayaƙin da mota ke zubarwa shi ke juya shi, shi kuma ya ɗura wa inji iska. Tsohuwa ta koma yarinya!"

"Wa ya ce maka tana son komawa?"

Callistus ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya bari.

Baba ya zagaya gaban motar. An yanke ƙasan bamba. A wurin an rataya wani ƙarfe mai kama da lagireto, da ƙaton bututu yana reto, tsakaninsa da ƙasa bai kai tafin hannu ba.

"Wannan fa?"

"Shi ke sanyaya iskar, Baba na. Babu wuri a ciki, sai nan."

"Shi ya sa kuka zo mata da sanduna."

"Baba, ka gwada kawai," in ji Tony. "A hanyar Abuja babu wanda ya ga bayana."

"Cocin Abuja za a ɗaura auren?"

Ya shiga ya gwada, a filin bayan layi. Ya taka totur yadda ya saba, mota ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ƙara takawa, shiru. Can sai ta yi fito ta zabura, kansa ya bugi kujera, awakin mutane suka watse. Ya danne birki. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Abin da yake gani a ransa shi ne bayan Mama Lizzy, shugabar zumunta, da tulunta a hannu, taku kaɗan daga hancin motar.

"A cire," ya ce.

Callistus ya sosa ƙeya. "Baba na, kafin Asabar? An huda nan, an yi walda can. Tsohon salansa ma na ba wani. Ko mako ba zai isa ba."

"Rashin sabo ne kawai," in ji Tony. "Ni sai in tuƙa ta ranar."

Baba ya dube shi daga takalmi har gemu, ya wuce cikin gida.

Lydia ta same shi a ɗaki, hannunta duk fulawar cincin. "Baba, in ba zai yiwu ba, mijin Irene ya ce zai ba da jif ɗinsa."

"Eunice a jif ta tafi?"

"A'a."

"Irene fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma ja nake so, Baba. Tun ina ƙarama nake jira."

"To je ki ci gaba da suyarki."

Asabar layi ya cika. Matan zumunta sun yi anko, tuluna na amsawa. An ɗaura wa motar farin ƙyalle a hanci. Lydia ta shiga, aka tura mata jelar riga har ta cika wurin. Baba ya sa kwat ɗinsa ta zamanin masaƙa, ya zauna, ya tayar.

Tony ya rugo da katako a kafaɗa, yana ta haki cikin babbar riga.

"Ina za ka da su?"

"Tudun, Baba. In ba a sa ba bututun zai bugu."

"A kan katako ake loda akuya a a-kori-kura. 'Yata ba za ta bar gidana a kan katako ba."

"To bari a kawo guduma a fasa gefe ɗaya!"

"Tudun nan ya fi ka amfani a layin nan. Kauce."

Mata suka yi shewa. Mama Lizzy ta ce, "Tony, ka ji Baba. Ɗauke mana itacen nan, ba girki muka zo ba."

Callistus yana cikin 'yan biki, ya ɗora hannu biyu a ka. "Baba na, a karkace! Hau shi a karkace!"

Baba ya sa giya ɗaya. Ya nufi tudun kai tsaye, yadda ya saba tun ran da simintin ya bushe. Ƙarfe ya gurji siminti, aka ji ƙara kamar an ja tukunya a kan dutse. Wani abu ya yi fus. Bututun ya fita daga mazauninsa ya gangara cikin kwata. Tony ya yi wani ɗan kuka da bai dace da gemunsa ba.

Motar ta yi tari, ta yi kamar za ta mutu. Baba ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa. Ta amsa nan take, ba jira, ba zabura. Dodon koɗin yana can yana juyawa, yana hura iskarsa a banza cikin ƙurar hanya. Ƙarfin da ya rage bai fi na keke-napep mai lodi ba, ga huci kamar tsoho a kan tsani.

Ba muryarta ba ce. Baba ya san waccan tsohuwar muryar ba za ta dawo ba, kuma bai yafe ba.

"Baba, za ta kai?" in ji Lydia a hankali, ta ƙanƙame furenta.

"Mama Lizzy gudu take yi?"

"A'a."

"To za ta kai."

Ya leƙa ta taga ya ɗaga wa mata hannu. Tuluna suka ɗauka, waƙa ta tashi, jar mota ta bi sawu tana huci. A madubi ya hango Tony durƙushe bakin kwata, ya naɗe hannun babbar riga yana lalube. Bai rage tafiya ba.

A ƙofar coci ya kashe mota, ya zagaya ya buɗe wa Lydia, ya ba ta hannu. Makullin kuwa ya jefa shi aljihun ciki na kwat, ya ɓalla maɓalli a kai.